Autarmu 'Yar Amshi

To ina tsaye bakin rumbu da ƙwarya a hannu, ina jira a juyo mani dawa in sheƙe, sai na ji muryar. Wallahi da farko ban gane ta ba. Mata uku ne bisa turmi guda suna lugude, wannan taɓarya na tashi waccan na sauka, gwaggonmu na ba da waƙa, 'yan mata na gefe suna amsawa da tafi. Cikin masu amshin nan akwai wata 'yar murya siririya, tas da ita, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na ce bari in leƙa in ga ɗiyar wa ce haka a Fakku. Ina leƙawa sai ga Autarmu, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, tana bin waƙa har da kaɗa kai. Autarmu fa, wadda "ina kwana" kaɗai sai ta yi kokawa da shi awa mai ɗaga buhun gero.

Na san daga tsakiya na faro maku, haka nike in magana ta cika mani ciki. Bari in koma baya kaɗan.

Mu a Tambuwal muke zamne. Baba ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, shina kuma da gona wajen Jabo da shika zuwa bisa mashin. Inna 'yar Fakku ce, can ƙasar Kebbe, shi ya sa duk hutun ƙarshen shekara can ake kai mu wurin Kaka, daidai lokacin da anka kawo dawa gida. Ni ce babba a ɗakinmu, na ƙare sakandare ina zaman jiran makarantar gaba. Auta ita ce ƙarama, lokacin tana aji fuɗu na firamare, kuma tun da ta fara magana take da in'ina. Ba irin 'yar kaɗan ɗin nan ba. In kalma ta maƙale mata sai ka ga wuyanta ya kumbura, ido ya rufe, leɓe na rawa, kai mai saurare ka ji kamar ka sa hannu ka ciro mata ita.

A gida mun saba, muna jira har ta ƙare. A makaranta ba mai jira. Malama ta tada ta, ta tashi, kalma ta tsaya, yara su fashe da dariya, in an fita tara su bi ta suna kwaikwayonta. Sai ta daina amsawa gaba ɗaya. A tada ta, ta sunkuyar da kai har a ce ta zamna. Daga nan abin ya bi ta har cikin rubutu, ta riƙa kawo takarda rabinta fari. Kowace safiya kuwa da abin da zai taso: ko ciki na ciwo, ko kai, ko takalmi ƙafa ɗaya ya ɓace.

Malamarsu ba muguwa ba ce, yara ne sunka yi mata yawa a aji. Ta aiko a gaya ma Baba cewa ita dai ba ta san abin da yarinyar nan ta sani da wanda ba ta sani ba, tunda ba ta taɓa jin amsa daga bakinta ba. Baba ya ji. Sai da ya ci abinci ya wanke hannu sannan ya yi ma Inna magana, ni ina kwashe kwanoni.

"Ba ni son ana wahal da ɗiya, kullum tana kuka. Islamiyya tana karatunta lafiya lau, ba wanda yat taɓa kawo mani ƙara. In shekarar karatun ga ta ƙare ba mu ga canji ba, boko ya isa hakanan. Ta tsaya ga wanda taka iyawa."

Baba ba shi da faɗa. Amma in ya faɗi magana a hankali haka, to ta zamna. Ni kuwa na san Auta ba daƙiƙiya ba ce. Na sha ishe ta ita kaɗai ta buɗe tsohon littafina na kimiyya tana bin hotuna da yatsa. Ta taɓa tambayata mi ya sa ganye kore ne amma in ya bushe ya canza, tambayar da ni kaina sai da na je na duba. Yadda zan nuna ma mutane abin da ke kanta ne ban sani ba. Da wannan magana ta Baba a raina munka tafi Fakku.

Shi ya sa da na ji ta bakin turmi na kusa sakin ƙwarya. Na daure har anka tashi, na ja ta bayan ɗakin Kaka.

"Auta, sake yi mani abin da kinka amsa ɗazu."

Ta yi, sumul.

"To yanzu faɗa mani shi da baki, ba da waƙa ba."

Ta buɗe baki, kalmar farko ta tsaya mata a maƙogwaro. Ta yi, ta yi, ta kasa. Na ce ta rera. Ta rera, ya fito awa ruwa daga buta.

"Ke kin san kina haka?"

"Ya-ya-yaya, ai w-waƙa ce," ta ce, tana dubana kamar na tambaye ta abin da kowa ya sani.

Sai a lokacin na tuna Islamiyya. Can ma malam ne zai biya, su kuma su ɗauka baki ɗaya, murya na tashi tana sauka. Ba ina haɗa karatu da waƙa ba ne, Allah ya tsare ni. Abin da na gane shi ne, duk inda muryar Auta ta samu abin bi, bakinta ba shi maƙalewa. Abin nan shina gabanmu tun tuni, ba wanda ya lura, har ni mai cewa na san ta.

Tun bisa mashin ɗin da ya fito da mu daga Fakku zuwa bakin hanya nika ƙulla abubuwa a kaina. Ku sani ni ba mawaƙiya ba ce, ba a kuma waƙa a gidanmu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mani komi. Wayata ce malamata, ita da kunnena. In na samu 'yar data sai in nemo masu nuna yadda ake jan numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba, in shige ɗaki in gwada, in ɗauki muryata in saurara, in ji kunya in goge, in sake. Karin waƙar lugudan Fakku na riƙe, na zubar da kalmominta, na zuba lissafi a ciki. Wani wuri ya shiga daidai, wani wuri sai na ja kalma ko na gutsure ta. Inna ta sha leƙowa ta ce wai da wa nika magana a ɗaki.

Da anka koma makaranta munka fara, tsakanin azahar da la'asar kafin ta tafi Islamiyya. Ku ji yadda muke yi. Ni in ba da waƙa: "Shida sau bakwai, wa zai gaya mani?" Ita ta amsa: "Arba'in da biyu, Yaya, arba'in da biyu," da tafi a ƙarshe. In ce: "Wa ka shan ruwa can ƙarƙashin ƙasa?" Ta ce: "Saiwa ce, Yaya, saiwa ce." Ranakun mako da Turanci, in ce Litinin ta ce Mande, in ce Talata ta ce Tusde. Watanni, jihohi da manyan biranensu, sassan jiki, duk na mai da su bayarwa da amshi. Ai haka munka tashi munka ga ana waƙa, a daka ko a gaɗa: ɗaya ta bayar, saura su amsa. Ko a mafarki ban yi tunanin akwai matsala a nan ba.

Kuma ta ɗauka, fiye ma da yadda nika tsammani. Abin da na ba ta yau, gobe shina nan daram. Har wanka take yi tana gunguni da shi. Ni kuwa kaina ya fara girma. Na ga kamar an gama, saura a nuna ma Baba.

Wata Asabar da yamma ya dawo daga gona, ya yi wanka, shina zamne bisa tabarma shina shan fura. Na jawo Auta na tsayar da ita gabanshi.

"Baba, ina son ka tambayi Auta duk abin da kaka so cikin lissafi."

"Duk abin da nika so?"

"Duk."

Inna daga bakin murhu ta ce, "Ke dai bakinki ya riga ƙafarki isa ko'ina."

Baba ya aje ludayi, ya dubi Auta. "To Auta, takwas sau fuɗu."

Haka ya faɗa, da muryarshi ta kullum, ba kari ba tafi. Mun rera wannan da safen nan. Auta ta buɗe baki, "ta-ta-ta," ta tsaya. Ta juyo ta dube ni. Baba ya jira, ya daɗe shina jira.

"To bar wannan. Biyar sau biyar."

Wannan karon ko sauti bai fito ba. Kuma ba in'ina kaɗai ba ce, na gani a idonta, amsar ma ta ɓace mata. Ban san lokacin da na rera ƙasa-ƙasa ba: "Biyar sau biyar, wa zai gaya mani?" Ban rufe baki ba ta ɗauka, "Ashirin da biyar, Yaya, ashirin da biyar," har da tafinta.

Baba ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba.

"Madalla. To ke za ki riƙa bin ta aji kina ba ta waƙa? Ko benci za a ƙara maki kusa da nata?"

Ya shafa kan Auta ya ce, "Ba komi, Auta, Allah shi yi maki albarka." Ya ɗauki ludayinshi. Wannan "ba komi" ita ta fi yi mani ciwo, don na san ma'anarta: magana tana nan inda ya aje ta. Auta ta shige ɗaki. Ni na je na tsuguna kusa da Inna.

"Kin ƙare kukan?" ta ce, tana tuƙa tuwo.

"Ba kuka nika yi ba, hayaƙi ne."

"To matsa daga hayaƙin."

Ban matsa ba. Ta ci gaba da tuƙi, sai can ta ce, "Ke kinka maishe ta 'yar amshi, kuma kina mamaki don ta jira a ba ta waƙa. 'Yar amshi ai ba ta farawa. In mai bayarwa ta yi shiru, ita ma shiru."

Na ji kamar an watsa mani ruwan randa. Gaskiya ce. Ni nika farawa kullum, ni nika riƙe tambaya, ni nika riƙe kari. Rabin waƙa kawai na ba Auta, ɗaya rabin shina bakina, kuma bakina ba ya zuwa aji fuɗu.

"To ya za a yi, Inna?"

"Yadda anka yi muna."

Ta ba ni labarin abin da ban taɓa ji ba. Wai a Fakku, in yarinya ta daɗe tana amshi, wata rana ana tsakiyar daka sai mai bayarwa ta yi shiru da gangan, ta nuna ta da haɓa. An jefa mata kenan. Taɓare ba su tsayawa, kowa na jiranta, dole ta shigo da nata baitin, ko mi ne ne.

"Ke mi kinka ce ranar da anka jefa maki?"

"Akuyar gidanmu ta ci mani zane."

"Kuma anka amsa?"

"Anka amsa mana. Duk abin da kinka bayar ai sai an amsa." Ta kwashe tuwo malmala ɗaya ta aje. "Abin da ke ciki numfashi ne. In taɓarya ta tashi ki ja shi, in ta sauka ki aje magana. Ba ki shiga tsakani. In ta wuce ki, ki ƙyale ta, tana dawowa. Ba gudu taka yi ba."

Ni tun da na tashi ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya da waƙa ba. A Tambuwal inji ake kai hatsi, turminmu na fura ne da yaji. Amma washegari ita da kanta ta mirgino shi tsakar gida, ta zuba gero, ta ɗauki taɓarya. Ta ce in tsaya can, yau ni ce 'yar amshi. Ta dubi Auta ta nuna ta da haɓa.

Ba abin da ya fito. Taɓarya na tashi tana sauka, Auta na tsaye tana murza bakin riga. Ta buɗe baki, taɓarya ta riga ta sauka, ta rufe. Ni duk na matsu in ba ta, harshena har ƙaiƙayi shika yi. Inna ta harare ni ba tare da ta tsaya ba. Ta ce ma Auta, "Tana nan tafe, kada ki bi ta da gudu." Gero ya daku ranar, waƙa ba ta fito ba. Haka gobe. Munka sha fura har ta ishe mu.

Ranar da ta shigo, na riga na fid da rai. Na ga kafaɗarta ta tashi tare da taɓarya, da ta sauka sai ga murya:

"Yaya ta sa ni tsaye, ƙafata ta gaji."

Ni kuwa dole in amsa, haka doka take. Na rera, "Ƙafarki ta gaji, Auta, ƙafarki ta gaji." Inna ta yi dariya har taɓarya ta bugi bakin turmi. Auta ta ga an amsa mata, sai ta sake shigowa, wai Yaya ta cika surutu. Na amsa wannan ma. Ranar ba irin sharrin da ba ta yi mani ba, kuma ba ta maƙale ko sau ɗaya ba.

Daga nan munka koma karatu, amma an juya. Ita ke tambaya, ni ke amsawa. Nan ne fa na ga abin da har yau nika son in tare mutane a hanya in gaya masu. Mai bayarwa dole ta san tambaya ta kuma san amsa, in ba haka ba ya za ta gane an yi mata daidai? Sai in riƙa amsa mata ba daidai ba da gangan. Ta ce bakwai sau tara, in ce sittin da biyar, ta girgiza kai ta shigo bisa bugu na gaba, "A'a Yaya, sittin da uku." In za ta yi baiti kan yadda ruwan sama ke samuwa, sai ta buɗe littafi ta karanta, ta gane, sannan ta rage maganar har ta shiga cikin kari. Ba za ka iya rage abin da ba ka gane ba, na gwada da kaina. Doguwar kalmar Turanci da a da take tsallakewa, sai ta sa ta a turmi, kowane bugu gaɓa ɗaya, ta farfasa ta har ta karantu. Baitin da ta ƙirƙira kuwa sai ta ce bari ta rubuta kada ta manta, ga rubutu ya shigo ba wanda ya sa ta. Ni lissafi kaɗai na nufa da farko. Ban san abin zai bi ta ko'ina ba.

Yaran maƙwabta sunka ji ta katanga, sunka fara leƙowa, daga leƙe sai shigowa. Har da waɗanda ke kwaikwayonta a makaranta. Sai ga su tsaye sun yi da'ira, hannuwa a shirye, suna jiran Auta ta ba su waƙa. Baba ya ishe mu haka wata rana, ya tsaya da mashin a hannu.

"Cikin gida dai," ya ce. "Kada in ji ɗiyata ƙofar gida tana zabiya."

"Cikin gida, Baba."

Inna ta ce, "Cikin gida da cikin tukunyata. Ƙanzo ba ya kwana tun da sunka gano hanya."

Saura abu ɗaya, kuma wannan karon ni na hango shi tun kafin ya kunyata ni: ba a zuwa aji da turmi. Sai munka fara ragewa. Daga turmi munka koma tafi. Daga tafi munka koma yatsa ɗaya bisa cinya, ya tashi ya sauka, ba mai ji. Waƙar ma munka rage ta, daga rerawa zuwa rabin rerawa, har ta zama magana a hankali bisa bugun yatsa. Na riƙa afka mata da tambaya ba shiri, tana wanke-wanke ko tana tsefe kai, da irin muryar Baba, har da gyaran murya irin nashi. Inna ta ce, "Allah ya sa ya shigo ya ji ki."

Kada ku ɗauka kullum nasara ce. Akwai ranakun da komi ke rushewa, ta dawo daga makaranta fuska a kumbure, ko sallama ta kasa. Irin ranakun nan ba mu yin komi, sai in tsefe mata kai mu yi shiru. Damina ta faɗi, Baba ya duƙufa gona, bai sake tada maganar ba, ni kuma ina tsoron tambaya. Shirun nashi ya fi komi tsaya mani a rai. Ga kuma zango na matsowa ƙarshe.

Makon ƙarshe, an gama jarrabawa, da safe ya fito da mashin ya ce, "Auta, ɗauko jakarki, ni za ni kai ki yau. Ina son in ga malamarku."

Na riga na sa hijabi kafin ya rufe baki.

"Ke kuma a matsayin wa?"

"Mai riƙon jaka, Baba."

Ya dube ni. "Hau. Amma ki bar bakinki gida."

Munka ishe malama ƙarƙashin dogon yaro tana duba takardu. Bayan an gaisa Baba ya ce, "Malama, gaskiya na zo ji. In ba ta iyawa, kada mu yi ta wahal da ita muna wahal da ku."

Malama ta ce, "Rubutunta dai ya canza, wannan na gani. Ta ma ɗaga mani hannu kwanan baya, har sai da na sake dubawa. Amma bari ku ji da kunnenku." Ta juya. "Zo nan kusa. Tara sau shida."

Baba ya waiwayo ya dube ni. Na cusa bakin hijabi cikin bakina na cije.

Na ga yatsan Auta bisa cinyarta. Ya tashi, ya sauka. Ya tashi, kafaɗa ta tashi da shi.

"Ha-hamsin da fuɗu."

Malama ta tambaye ta abin da tsiro ke buƙata ya rayu. Ta ce ruwa, ta ce iska, ta ɗan tsaya, ta ce hasken rana. Ta tambaye ta babban birnin wata jiha can kudu, ta faɗa. Sai malama ta jawo littafin karatun Turanci, ta buɗe wani shafi can baya wanda ba mu taɓa kai wa ba, ta miƙa mata.

Ta fara a hankali, kalma bisa kalma. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A tsakiya ta ci karo da wata doguwar kalma ta maƙale. Wuya ya kumbura, ido ya rufe. Yara sun taru a taga suna leƙe, na ji wasu sun fara ƙyalƙyala. Na san abin da ke biyo bayan wannan, na sha gani: kai ya sunkuya, shi kenan. Na cije hijabi har haƙorana sunka yi tsami.

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta rufe bakinta. Yatsa bai tsaya ba, shina tashi shina sauka. Ta bar bugu ɗaya ya wuce, ta bar na biyu, sannan ta ja numfashi ta shigo, ta raba kalmar gaɓa-gaɓa ta wuce. Ta sake maƙalewa kusa da ƙarshe, ta sake jira, ta sake shigowa. Ba sumul ba ne, amma ta kai ƙarshen sakin layin da kanta. Malama ta ce ta faɗa da Hausa mi ta karanta. Ta ce wata yarinya ce ta raka kakarta kasuwa ruwa ya tare su.

"Haka ne," malama ta ce. Ta karɓi littafi, sai ta nuna cinyar Auta. "Wai mi kike yi da yatsan nan tun ɗazu?"

"D-daka nika yi, Malama."

Malama ta yi dariya har ta kare fuska da littafin. "To ki yi ta dakanki, ba mai hana ki a ajina."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma ce komi kan karatun ba. Ya yi godiya, ya ce a ba shi aron Auta tunda an gama jarrabawa. Munka hau mashin. Ina bayanshi ina kallon ƙeyarshi ko zan karanta wani abu, ban karanta komi ba. Sai na ga ya wuce kwanar gidanmu, ya nufi wajen kasuwa, ya tsaya ƙofar wani tela.

"A gwada mani ita," ya ce. "Kayan makaranta. Ka sake mata tsawo, girma taka yi."

Na zamna bisa bencin tela kan yadin mutane, sai da tela ya ce in ɗan ɗaga. Ya ɗauko awo, ya sa Auta ta miƙe hannuwa, shina gwadawa shina yi mata hira.

"'Yar Alhaji, aji nawa za ki shiga?"

Kullum in baƙo ya tambayi Auta, ɗayanmu ke saurin amsa mata. Na ga Baba ya buɗe baki, sai ya fasa. Hannuwanta na miƙe, ba cinya kusa, amma na ga yatsan na motsi cikin iska.

"Bi-biyar," ta ce.

"Biyar, manya," in ji tela, ya ce ta juya ya gwada baya.

In'ina dai ba ta tafi ba, kada wani ya ce na ce waƙa magani ce. Tana nan har yau, wata rana da sauƙi wata rana da nauyi. Amma Auta na makaranta, ta ma wuce firamare, kuma yanzu ita ke haɗa waƙoƙinta, ba ta nemana sai in tana son 'yar amshi. Ni ce dai abin ya kama, duk yaron da na gani a layinmu sai na tambaye shi wane darasi ke ba shi wuya. Akwai wanda ya gagare ni har yanzu: dogon rabawa. Na gwada shi a karin daka, na gwada a na gaɗa, ya ƙi zama, ga kuma ɗiyar maƙwabciyarmu na jirana da shi. In a gidanku akwai yaron da waƙa ta buɗe ma baki ko ta buɗe ma kai, ku gaya mani yadda kunka yi, musamman in kun taɓa cin nasarar wannan rabawar.